Tsarabar Hajji a Damargu da Lambobin Masu Ziyara na Turai: Nazarin Kwatance

Tsakure

Daga ƙarni na 12 zuwa farkon na 16, Kiristocin Turai masu zuwa ziyarar kaburburan waliyyansu sukan koma gida da ƴan ƙananan lambobi na dalma da kuza a ɗinke jikin hula ko riga. Dubban waɗannan lambobi sun tsira, suna ajiye a gidajen tarihi, kuma an yi rubuce-rubuce masu yawa a kansu. Wannan maƙala ta kwatanta su da tsarabar da alhazan Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram, ke dawowa da ita daga Makka. Ta nuna cewa abin da mai ziyara ke ɗaukowa yana yin aiki uku: shaidar zuwa, neman albarka, da sada zumunci. Turai ta tattara ukun a kan ƙarfe guda, Damargu kuwa ta rarraba su: shaida ta zauna a suna da jiki, albarka a abin sha da abin ci, zumunci a kayan rabo. Wannan rarrabuwa ce ta sa tarihin hajjin yankin ba ya kwance a ƙasa yana jiran mai tono, yana bakin mutane da cikin ɗakunansu.

1.0 Gabatarwa

Duk inda addini ya keɓe wani wuri da daraja, mutane za su yi takakka su je, kuma ba sa dawowa hannu rabbana. Masana tarihin Turai sun daɗe da gane cewa ƙananan abubuwan da mai ziyara ke ɗaukowa suna ba da labarin da littattafan sarakuna da na malamai suka tsallake, domin talaka ne ke sayensu. A ƙasar Hausa an yi nazarin hanyoyin hajji sosai. Umar al-Naqar ya rubuta tarihin al'adar hajji a Afirka ta Yamma a 1972, J. S. Birks ya bi sawun masu tafiyar ƙasa zuwa Makka a 1978, C. Bawa Yamba kuma ya yi nazarin waɗanda tafiyar ta zaunar a Sudan a 1995. Hankalin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga tafiya da matafiya, kayan da ke cikin jakar alhaji ranar da ya sauka ba su sami irin wannan kulawa ba.

An zaɓi Damargu saboda dalili biyu. Na farko, tsohuwar mahaɗar ayari ce tsakanin Kano da Damagaram ta kudu, da Abzin da Tarabulus ta arewa, don haka mutanenta sun san kayan nesa tun kafin mota da jirgi. Na biyu, abubuwa biyu da suka fi kowane daraja a tsarabar Makka, ruwa da dabino, suna da matsayi na musamman a rayuwar yankin ta yau da kullum. Maƙalar ta dogara ne ga rubutattun ayyukan tarihi da kuma al'adun tarbar alhaji da aka sani a yankin da sauran ƙasar Hausa. Kwatancen da za a yi na kaya ne da aikin da suke yi wa jama'a. Hajji rukuni ne na Musulunci, ziyarar waliyyai ta Kiristocin Turai kuwa wani abu ne daban a aƙida da hukunci, kuma maƙalar ba ta daidaita su ba.

2.0 Lambobin masu ziyara a Turai

Alamar da ta fara shahara ba ƙerawa aka yi ba. Masu zuwa Santiago de Compostela, a arewa maso yammacin Sifen, sukan dawo da ƙumbar teku a rataye jikin jaka ko hula. Kafin tsakiyar ƙarni na 12 an riga an soma sayar da ita a farfajiyar majami'ar garin, zuwa wajen shekarar 1200 kuma akwai rumfuna kusan 100 masu izinin wannan ciniki. Masu zuwa Ƙudus su kuma ganyen dabino suke ɗaukowa.

Daga nan sai maƙera suka shigo. Ana sassaƙa siffar waliyyi ko ta hubbarensa a jikin dutse mai laushi, a haɗa ɓari biyu, a narka dalma da kuza a zuba. Ƙarfen ba ya buƙatar wuta mai yawa, kuma mazubi ɗaya yana iya fitar da ɗaruruwa, shi ya sa lambar ta yi arahar da kowa zai iya saya. Akan yi mata ƴan kunnuwa don ɗinki, ko tsinke a baya don maƙalawa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Canterbury a Ingila. An kashe babban limamin cocin garin, Thomas Becket, a cikin majami'arsa ranar 29 ga Disamba 1170, aka ayyana shi waliyyi a 1173. Nan da nan aka fara ba masu ziyara ruwan da aka ce an gauraya da ɗigon jininsa, a cikin ƴan mitsitsin kwalabe na dalma da ake matse bakinsu a rataya a wuya. Marasa lafiya suna sha, ana shafa wa masu ciwo. Daga baya lambobi masu siffar kan Becket suka fi kwalaben yawa.

Cinikin ya yi girman da sai da hukumomin coci suka sa hannu. A 1199 Paparoma Innocent na Uku ya ba limaman majami'ar Bitrus da ke Rum ikon zubin lambobinsu su kaɗai, a ƙarni na 13 kuma paparomomi sun hana sayar da alamar Santiago a wajen garin, saboda masu yin ta jabu a kan hanya. A Einsiedeln ta ƙasar Suwizalan an sayar da lambobi kusan 130,000 cikin mako biyu a 1466. A Aachen ta Jamus, inda ake fito da kayan tsarki duk bayan shekara 7, cunkoso ya hana mutane kai hannu, sai aka riƙa sa wa lambar ɗan madubi, mai ziyara ya ɗaga shi sama don ya kamo albarkar abin da ake nunawa daga nesa. Johannes Gutenberg, wanda aka san shi da injin ɗab'i, ya shiga haɗin gwiwar ƙera irin waɗannan madubai a 1438.

Lambar tana gaya wa mai masauki da mai gadin ƙofar gari cewa wannan baƙo mai ziyara ne, ya cancanci kariya da sadaka. In an koma gida akan kafa ta a bango, ko a ɗinke ta cikin littafin addu'a, ko a zuba siffarta jikin ƙararrawar coci. An sami ƙumbar Santiago a kaburbura har can arewacin Turai, alamar cewa wasu da ita aka binne su. Da gyaran addini na Furotesta ya zo al'adar ta mutu a ƙasashe da dama, Sarki Henry na Takwas ya rushe hubbaren Becket a 1538. Amma ƙarfen ya tsira a cikin laka. Arthur Forgeais ya tara lambobi masu yawa daga Kogin Seine a Paris a ƙarni na 19, an ciro wasu daga gaɓar Thames a Landan, Brian Spencer kuma ya fitar da babban littafi a kan na Landan a 1998.

3.0 Abin da Musulmin wancan zamani ke ɗaukowa

A daidai waɗannan ƙarnoni, duniyar Musulmi tana da nata hanyoyin. Ɗaukar ruwan Zamzam tsohon abu ne: Tirmizi ya ruwaito cewa Nana A'isha takan ɗauke shi, ta kuma ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi haka. Akwai kuma ƙyallen rigar Ka'aba, wadda ake sauyawa duk shekara, a yayyanka tsohuwar ta shiga hannun mahajjata.

Abin da ya fi kusa da lambar Turai ta fuskar shaida shi ne takardar hajji. An sami tarin irin waɗannan takardu a babban masallacin Dimashƙu, aka kwashe su zuwa Santambul bayan gobarar 1893, kuma Dominique Sourdel da Janine Sourdel-Thomine sun yi nazarinsu. Takardun sun faro daga ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 14, da yawansu na hajji ko umrar da aka yi wa wani ne, ɗauke da sunayen shaidu da zanen Ka'aba da Arfa. Akwai wata a Landan da aka rubuta wa wata mata mai suna Maimuna a 1433. Ke nan, inda Bature ya zuba siffar mutum a ƙarfe, Musulmi ya zana wuri ya rubuta suna a takarda.

Manyan Afirka ta Yamma sun dawo da tsarabar da ta dace da matsayinsu. Mansa Musa na Mali, wanda ya yi hajji a 1324, ya taho da mawaƙi kuma magini ɗan Andalus, al-Sahili. Askiya Muhammadu na Songai, wanda ya tashi a 1496, ya dawo da rawani da takobi da laƙabin halifan ƙasar Takrur. Malamai kuwa littafi da ijaza suke nema. Daga baya, Malam Jibrilu ɗan Umar na Agadas, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtada al-Zabidi. Kwafe-kwafen Dala'ilul Hairati na hannu da ke yawo a yankinmu suna ɗauke da zanen Rauda, ta yadda wanda bai je Madina ba yakan ga tsarinta a shafin littafi.

4.0 Damargu da hanyoyin Makka

Damargu ita ce ƙasar noma ta ƙarshe kafin a shiga hamada. Garin Tanut yana kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, Belbeji kuma, wadda ke ƙasar Tarka ta yamma, an cire ta daga Tanut ta zama gunduma a 2011. Hausawa da Dagirawa da Abzinawa da Fulani suna zaune cuɗe da juna, gero da dabbobi su ne dukiya. Heinrich Barth ya iso yankin tare da ayarin gishirin Abzinawan Kel Ewey a watan Janairu 1851, a Tagelel ne kuma tawagarsu ta rabu, James Richardson ya nufi Damagaram, shi kuma ya yi hanyar Tasawa da Katsina zuwa Kano. Barth ya bayyana Damargu a matsayin rumbun da ke ciyar da Abzin. Stephen Baier ya nuna yadda a ƙarshen ƙarni na 19 garuruwa irin Jajiduna suka zama zangon fatake, ana fitar da gashin jimina da fatu zuwa Tarabulus, ana shigo da yadi da takarda da duwatsun wuya da turare.

Wannan hanya ta fatauci ita ce tsohuwar hanyar hajji ta arewa: Agadas, Gat, Fezzan, Alƙahira, sannan Hijaz. Wasiƙar da Imam Suyuɗi ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15 shaida ce ta yadda saƙo da ilimi ke bin ta. Mai niyyar Makka daga ƙasar Hausa da ya bi ayarin arewa, sai ya sha ruwan rijiyoyin Damargu kuma ya yi guzurin geronta.

Farkon ƙarni na 20 ya juya akalar tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin hamada ya durƙushe, mahajjata suka koma hanyar gabas: Borno, Wadai, Darfur, Kogin Nilu, Sawakin, sannan a haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ta 1903 da kafuwar garin Mai Wurno a Sudan sun ƙara buɗe ta. Talaka yakan yi shekaru a hanya, yana ƙwadago a gonakin audugar Gezira, waɗanda aka buɗe a 1925, don ya tara kuɗin jirgin ruwa. Wasu sun dawo da furfura, wasu sun zauna can har jikoki. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya soma rage tafiyar zuwa makonni, a yau kuma hukumar COHO ce ke tsara hajjin ƴan Nijar.

Kowace hanya tana da irin tsarabar da take bari a ɗauko. Wanda zai yi wata da watanni a bayan raƙumi ko a ƙafa ba zai iya ɗaukar kaya mai nauyi ba: ɗan ruwa a liƙaƙƙen gwangwani, carbi, zobe, tozali, littafi. Jirgi ya kawo manyan jakunkuna, amma ya zo da ma'auni, Zamzam ma lita 5 ake ba kowane alhaji. Lambar Turai ta yi ƙanƙanta ne saboda irin wannan dalili, mai ita a ƙafa zai koma.

5.0 Tsarabar hajji a Damargu

5.1 Shaida

Babbar lambar alhaji a Damargu ita ce sunansa. Daga ranar da ya sauka ya zama Alhaji, mace ta zama Hajiya, kuma yaro ko tsara ba ya ƙara kiran sunan yanka tsirara. Ba takarda ce ke tabbatar da wannan ba. Gari ya san ranar da ya sayar da shanu ko raƙuma ko rumbun gero ya biya kujera, an raka shi tasha, an yi ta jin labarinsa ta waya, an tarbo shi. A ƙauyen da kowa ya san kowa, shaidar jama'a ta fi kowace lamba ƙarfi. Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi yadda laƙabin ya zama tambarin manyan ƴan kasuwa, kuma haka yake a kasuwannin dabbobi da na hatsi na yankin Tanut, inda ake ba Alhaji bashi da amana cikin sauƙi.

Shaida ta biyu a jiki take, wato haƙorin Makka. Kwasfa ce ta ƙarfe da ake sa wa haƙori ɗaya daga na gefen gaba, mata na zinariya, maza galibi na azurfa saboda hanin da aka yi musu na ado da zinariya. Wannan ne ya fi kowane abu kama da lambar Turai: ƙarfe ne, a can ake sa shi, kuma baƙon da bai san mutum ba yana ganinsa da zarar an yi murmushi. Sai sutura: makawiya a kafaɗa ko a ka, farar jallabiya, ga mata kuma abaya da gyale. Sutura tana tsufa, kowa kuma yana iya sayenta a kasuwa, shi ya sa ita ce mafi raunin shaidun uku.

5.2 Albarka

Mutumin Damargu ya san darajar ruwa. Rijiyoyin yankin suna da zurfi, da raƙumi ko jaki ko sa ake jan guga, kuma ƙarancin ruwan sha a Tanut tsohon kuka ne. Amma lita 5 na Zamzam ba don ƙishirwa aka kawo su ba. Ga yadda abin yake a gidan da alhaji ya sauka: an shimfiɗa tabarmi a zaure, mutane suna shigowa rukuni-rukuni, ana cewa "Barka da sauka, Alhaji", "Allah ya sa karɓaɓɓiya ce", shi kuma yana amsawa da "Allah ya kai ku". Wani ɗa ko ƙane yana riƙe da buta da ɗan ƙaramin kofi wanda bai fi na shayi ba. An riga an tsiyaya Zamzam kaɗan a cikin ruwan gida don ya isa kowa, kuma ba mai ganin an rage masa ƙarfi. Mutum ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya shafa ragowar a fuska, ya yi addu'ar abin da ke damunsa. Sauran tsantsar kuwa uwargida ce ke ɓoye ta a ƙuryar ɗaki, sai ciwo ya yi tsanani, ko naƙuda ta yi tsawo, ko an yi rasuwa a yayyafa wa likkafani. Wasu alhazai kan ajiye haraminsu da wasiyyar a sa su a ciki.

Dabino ya fi bayyana batun. Damargu ba baƙuwar dabino ba ce. Ayarin da ke zuwa Bilma da Fashi yana dawowa da gishiri da dabinon Kawar, a musanya su da gero, ga kuma na Ingal da na Abzin, ana auna su da tiya a kasuwa. Duk da haka, ƙwaya uku na dabinon Madina da aka damƙa wa tsohuwa a hannu, ƙulle su take yi a bakin zane, ta gutsura wa jikoki, ta ajiye ɗaya don bakin jariri ranar haihuwa. Zaƙi ko girma ba su ne suka raba shi da na Kawar ba. Abin da ya raba su shi ne wurin da ya fito da hannun da ya kawo shi.

5.3 Rabo

Kaso mafi girma na jakar alhaji ba nasa ba ne. Tun kafin ya tashi, dangi da maƙwabta da abokan ciniki sun kawo gudummawar guzuri, kuma kowane yana da haƙƙi a jakar dawowa. Rabon yana bin tsari: iyaye da surukai da limami da mai gari su sami darduma ko jallabiya ko carbi mai kyau, mata su sami gyale da turare da tozali da zobba, yara su sami hula da bagaruwa da ƴar na'urar nan da ake leƙawa a ga hotunan Ka'aba. Wanda aka manta da shi yakan riƙe abin shekaru. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, wanda ya yi tafiya mafi nisa kuwa ana jiran ya nuna cewa da mutanensa a zuci ya je.

Yawancin waɗannan kaya a yau a masana'antun Sin da wasu ƙasashen Asiya ake yin su, kuma irinsu suna nan a kasuwar Dole ta Damagaram da Kantin Kwari na Kano. Sanannen abu ne cewa in jaka ta gaza, ko ma'aunin jirgi ya hana, akan cike gurbi da sayayyar gida. Turai ta yaƙi irin wannan da doka, domin lambar jabu tana ba maƙaryaci damar cin sadakar masu ziyara, tana kuma rage wa coci kuɗin shiga. A Damargu abin bai zama rikici ba, saboda carbin ba shi ne ke tabbatar da hajjin ba. Mai karɓa ya riga ya san Alhaji ya je, abin da yake nema shi ne a tuna da shi.

6.0 Inda aka yi kama da inda aka rabu

Kamannin a fili suke. Kwalbar ruwan Canterbury da gwangwanin Zamzam duk ruwa ne da ake ɗauko wa wanda bai je ba. Ƙumbar da aka binne mutum da ita da haramin da ya zama likkafani duk suna nuna burin a tafi da tafiyar har kabari. Ciniki ya dabaibaye ibada a ɓangarorin biyu.

Rabuwar tana da tushe uku. Na farko shi ne siffa. Lambar Turai hoton waliyyi ce, Musulunci kuwa ya ƙi sassaƙa siffar mai rai don girmamawa. Ba rashin gwaninta ne ya hana ba. Maƙeran farin ƙarfe na Abzinawa, waɗanda ke zaune har cikin Damargu, sun ƙware a zubin azurfa da kakin zuma, kuma su ne ke yin kayan wuyan nan da ake danganta wa garuruwa kamar Agadas da Ingal da Damagaram. Waɗannan kayan ado ne da gado, ba su taɓa zama alamar hajji ba, kuma bai kamata mai nazari ya rikita su da ita ba. Inda aka sami lamba mai hoto a zamaninmu shi ne wajen ziyarar shehunnai: hoton Shehu Ibrahim Inyas da muridai ke ratayawa a wuya ko su liƙa a mota bayan sun dawo daga Kaulaha, ko daga Maulidin Kiyota, garin marigayi Shehu Abubakar Hashimu. Kyamara ce ta buɗe wannan ƙofa, kuma a nan ne malamai suka fi saɓani. Masu ra'ayin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma bazu cikin Nijar, suna ganin neman albarka da hoto ko ƙasar hubbare bidi'a ce, suna kafa hujja da labarin sare bishiyar Ridwan da aka danganta wa Sayyidina Umar. Haƙorin Makka ma wasu suna jin tsoron riya a cikinsa. Zamzam da dabinon Madina kuwa kowa ya yarda da su, domin suna da nassi.

Tushe na biyu shi ne wanda ke buƙatar shaidar. Mai ziyarar Turai yana ratsa garuruwan da ba a san shi ba, kuma wani lokaci kotu ce ta yanke masa ziyarar a matsayin horo, dole ya kawo hujja. Alhajin Damargu ga mutanen da suka raka shi yake komawa.

Na uku shi ne inda darajar take zaune. A Turai an ɗauka albarkar tana shiga ƙarfen ta hanyar taɓa hubbare ko haskensa a madubi, don haka ake adana shi. A Damargu darajar tana cika ne sa'ad da abin ya bar hannun mai shi: ruwan a sha, dabinon a ci, dardumar a yi salla a kanta har ta ƙoƙe. Tsarabar da alhaji ya kulle a akwati bai raba ba, abin zargi ce.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa buƙatun da suka haifi lambobin masu ziyara a Turai suna nan a Damargu, amma an biya su ta hanyoyi daban: suna da haƙori don shaida, Zamzam da dabino don albarka, kayan rabo don zumunci. Sakamakon wannan ga masu bincike babba ne. Dalma tana iya shekara 600 a cikin laka, tsarabar Damargu kuwa an yi ta ne don ta ƙare. Mai tonon kufai a Jajiduna ko Tagelel zai iya samun dutsen wuya, amma dutsen ba zai gaya masa ko fatake ne suka kawo shi daga Tarabulus ko alhaji daga Makka ba.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Na ɗaya, Jami'ar André Salifou ta Damagaram da cibiyoyin bincike na IRSH da CELHTO da ke Yamai su tura ɗalibai ƙauyukan Tanut da Tarka da Gangara da Olelewa su naɗi bayanan dattawan da suka yi hajjin ƙasa, ko ƴaƴan da suka ji daga bakinsu, da Hausa da Tamajak da Barbarci da Fulatanci. Na biyu, a ɗauki hoton abin da ya saura a gidaje, kamar tsofaffin takardun tafiya, gwangwanayen Zamzam, carbi da littattafai masu ijaza, a rubuta wanda ya kawo kowane da shekarar da hanyar da ya bi, a bar kayan a hannun masu su. Na uku, a ba mata muhimmanci a wannan aiki, domin su ne ke ajiyar Zamzam, su ne ke tsara rabo, kuma su suka fi riƙe lissafin wanda ya ba wa me. Masu hajjin ƙasa na ƙarshe sun tafi ne a ƙarnin da ya wuce, waɗanda suka rage a cikinsu sun manyanta ƙwarai, don haka shawara ta farko ce ya kamata a fara da ita.